Jirgin da Saje Bakari Ya Ƙi Rufewa

Ranar Laraba, 14 ga watan Maris, 1962, ƙaramar sallah ba ta daɗe da wucewa ba, Allah ya karɓi ran Saje Bakari Jalo a gidansa da ke Ƙofar Dumi, bayan ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi tun tsakiyar azumi. Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Mun sallace shi da azahar, mun kai shi makwancinsa, na dawo gida na zauna na rasa wanda zan tsokana. Ni Ɗanlarai, malamin makarantar elemantare, taubashinsa ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce. Tun muna yara ban taɓa yaba masa a kan idonsa ba. Yau zan yi, tunda ba ya nan balle ya ce na yi laushi.

Bakari, mutanen gari sun san ka da gyaran agogo da keken ɗinki, da kuma ɗingishin da ka dawo da shi daga yaƙin Bama, can gabas da Indiya. Matan da mazansu suka mutu suka bar musu keken ɗinki sun san ƙofar da ake zuwa idan allura ta ƙi tafiya. 'Yan'uwanmu na ruga, in ciwo ya kawo su asibiti ba su jin Hausa sosai, kai kake rufe shago ka ja ƙafar nan taka ka je ka tsaya musu tafinta, wani lokaci har la'asar. Ba ka da yawan magana, kuma ba ka iya karɓar godiya ba. In an gode maka sai ka haɗe rai kamar an zage ka.

Sai kuma jirage. Andrawus direban lori, abokinka na soja, shi ya fara kawo maka wani ɗan kwali daga wani kanti a Jos. Ka buɗe muka ga tarkacen roba, guntu-guntu, maƙale a jikin wasu 'yan sanduna, wai in an haɗa su za su zama ƙaramin jirgin sama na yaƙi. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce Saje guda, mai igiya uku a hannu, ya koma wasan yara. Ka ce mini, “Malam, koma allonka.” Ka sa reza ka yanko kowane guntu, ka goge bakinsa da sanfefa, ka ɗiga gam da tsinin tsinke don kada ya yi nashe-nashe. Burushin kanti ya yi maka kauri, sai ka tsinko gashin jelar saniya ka ɗaure a jikin kara. Da ka gama fenti jirgi ya fito fes, ka dube shi ka ce ƙarya ne, babu jirgin yaƙin da ke da tsabta haka. Ka lakato baƙin tukunya daga madafin A'i, matarka, ka shafa a bayan inji inda hayaƙi ke fita. Ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke zuwa a kwalin kuwa ba ka taɓa sa shi ba. Ka ce siffar mai rai ba ta kwana a ɗakinka, kana mayar wa Andrawus ya kai wa 'ya'yansa. Duk jiragenka kujerar matuƙi a wofi take.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne nauyin da ka dawo da shi daga Bama. Tare kuka tafi soja da Hammadu, ɗan farin Dada Madina ta Fadaman Mada. Ya tafi ne ba da izininta ba, ko sallama bai yi mata ba. A daji ɗaya aka harbe ku, kai a ƙafa, shi a ciki, aka ɗora ku a jirgin da ke kwashe masu rauni. Bai kai asibiti ba. A cikin jirgin ya cika, kansa a kan cinyarka, kuma kafin ya cika ya ba ka saƙo: ka roƙar masa mahaifiyarsa ta yafe masa.

Saƙo ne gajere, amma shekaru suka yi ta tafiya ba ka samu inda za ka sauke shi ba. Dada Bafulatana ce ta asali. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba yana raye, ba ta kuma yarda a yi zancensa a gabanta ba bayan ya mutu. Ranar da labari ya zo daga wurin hukuma, tatsar nono take yi, ba ta ɗaga kai ba. Kai kuwa duk sallah sai ka je gaishe ta. Da ka fara “Dada, wanda muka tafi tare…” sai ta miƙe ta ce maraƙi ya kwance. Aika wani ya faɗa mata ba zai yiwu ba, don kai aka ba amana, kuma yafiya ba a jefa ta ta kan danga. Ga shi tana tsufa, yanar ido ta rufe mata gani. Ka taɓa ce mini abin da ke hana ka sukuni shi ne ɗayanku ya riga ɗaya tafiya saƙon yana hannunka.

Amma ka lura da wani abu da mu duka ba mu lura da shi ba. Dada ba ta tambayar ɗanta, jirgi take tambaya. Sai ta ce, “Abin nan da kuke hawa, akwai inuwa a ciki?” Wata sallar kuma ta ce, “Mutum yana samun wurin miƙe ƙafa?” Mu muna ɗauka mamakin tsofaffi ne. Kai ka gane abin da take nufi.

A shekarar samun mulkin kai Andrawus ya shigo da wani kwali da ya fi na baya girma. Dakota ce, irin jirgin da ya ɗauko ku. Ka daɗe kana kallon hoton da ke bayan kwalin. Gangar jikin jirgin gida biyu take zuwa, dama da hagu, kamar ɓarin ƙwarya, kuma ka'ida ita ce a gyara cikin sama-sama a manne, don da an rufe babu mai sake ganin ciki. Kai sai ka tare a cikin. Ka yi gadajen ɗaukar marasa lafiya da tsinken tsintsiya da ƙyallen tsohon kakinka, ka jera su hawa-hawa yadda ka gan su. Ka yi igiyoyin rataye su da zaren keke. Ka yi 'yar gorar ruwa da ba ta kai ƙwayar masara ba. A kan gado ɗaya na ƙasa, kusa da ƙofa, ka shimfiɗa wani ɗan yanki da ka yanko daga bargon sojanka. Ba ka sa kowa a kai ba.

A lokacin ana shirin nunin sana'o'in hannu na bikin 'yancin kai, ni kuma na riga na cika gari da baki cewa jirgin taubashina zai kunyata na Turawan unguwar Jiyare. Fikafikai sun gamu, farfela tana juyawa in an hura, tambarin da ake jiƙawa a ruwa a manna yana jira. Abin da ya rage kawai a rufe. Ka ƙi. Na yi lallashi, na yi gori, na ce mutane za su ce Saje ya kasa. Ka ce su ce. Ranar nuni aka jera tabarmi da sirdi da takalma, wurin da na sa aka keɓe maka yana nan fayau, na sha tsiya a wurin abokan aikina. Har yau ina ganin da an kai shi babu mai kama ƙafarsa.

Bayan biki ya lafa, wata Alhamis da hantsi, ka ce in raka ka Fadaman Mada. Ka nannaɗe ɓari biyun a cikin rawani, ka sa gam a aljihu. Muka tarar da Dada zaune a inuwar ɗaki tana jan carbi. Bayan gaisuwa ka ɗora mata a cinya.

“Dada, ga abin da kike tambaya. Na kawo miki ki duba.”

Ta shafa fiffike, ta shafa wutsiya. Ta ce, “Ashe haka yake. Kamar kifi.” Sannan yatsanta ya shiga ciki, yana bin gadajen ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan bargon.

“Wannan fa, me ya sa shi kaɗai ke da mayafi?”

“Mai wurin yana jin sanyi, Dada. Nawa na rufa masa.”

Na zuba ido in ga ta miƙe. Ba ta miƙe ba. Ta ce, “Ya sha ruwa?”

“Ya sha. Ga gorar nan kusa da hannunki.”

“Ina ya fuskanta?”

“Na tambayi matuƙi inda alƙibla take, na juya shi. Ya yi kalmar shahada, na ji da kunnena. Kuma ya bar saƙo. Ya ce akwai wadda ya baro bai yi wa sallama ba. Ya ce a roƙe ta ta yafe masa.”

Yatsan Dada bai bar kan bargon ba, tana gyara masa baki kamar yadda ake gyara wa mai barci. Can ta ce, “Mai wannan wuri ba shi da laifi a wurina, duniya da lahira. Tun ranar da ya fita na yafe, ban samu wanda zan faɗa wa ba ne.” Ta miƙo maka ɓari biyun. “To, Bakari, rufe shi.”

A gabanta ka shafa gam, ka haɗa, ka riƙe da hannu biyu har ya kama. Hawaye na bin gemunka, ni ma ban tsira ba. Dada kuwa ta juya mana baya ta ce a kawo wa baƙi kindirmo. Washegari Juma'a ta sa aka yi gumba aka raba sadaka, wadda ba ta taɓa yi wa ɗan nata ba. Da damina ta zagayo ita ma Allah ya ɗauke ta.

Na karantar da yara labarin jarumai da yawa, Bakari, amma ban taɓa yin alfahari da wani mahaluki kamar yadda na yi da kai a hanyarmu ta komawa gida ran nan ba. Kana gaba kana ɗingishi, jirgi a hannunka, kana tafe kamar wanda aka sauke wa buhu. Ban faɗa maka ba. Ce maka na yi fentin wutsiyar ya karkace.

Ina miƙa ta'aziyyata ga A'i, wadda ta yi haƙuri da warin fenti a ɗakinta, ta kuma yi jinyarka ba ta gajiya ba, da 'ya'yanka Habibatu da Mansir, da Andrawus wanda ya tsaya a bakin maƙabarta yana kuka kamar ɗan'uwa na jini, da sauran tsofaffin sojan Bama na Bauchi. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Yadda ka sauke amanar da aka ɗora maka, Allah ya sauke maka nauyin hisabi. Ya jiƙan Hammadu, ya jiƙan Dada, ya tara ku a Aljanna, inda uwa za ta kira ɗanta da sunansa ba ta sunkuyar da kai ba. Amin.