Shingen da Taofeek Ya Sare

Taofeek mai walda a Rikkos ta Jos aka haife shi, kuma duk Yarbancinsa idan ya fusata da Hausa yake zagi. Mu maƙwabtansa Baba Pelumi muke ce masa, da sunan ɗansa na fari. Shekara talatin da biyu yana ƙera ƙofofi da tagogi a wani fili bayan Tina Junction, har idanunsa sun yi ja ba sa washewa.

Filin nan ba shi da takarda. Mahaifin wani dattijo manomi mai suna Dung ne ya ba mahaifin Taofeek, suka dasa ƙyarana a kewaye, tsiron nan mai ƙaya da farin ruwa da mutanen Filato ke shinge da shi. Ita ce iyaka, ita ce shaida. Duk kaka gidan Dung na aiko da acca, gidan Taofeek na mayarwa da manja. Ko lokacin rikici da mutane suka yi ta sauya unguwa, bai gusa ba.

Sai aka zo da maganar ware wannan yanki a mai da shi gundumar raya kasuwanci ta musamman, mai hukumarta daban. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce titi zai zo, wuta za ta zauna. Wasu suka ce dabara ce ta kwashe filayen talakawa, kuma wa zai shugabanci abin, ɗan ƙasa ko baƙo? Taofeek ya fi kowa baki a cikin masu so. Ban ga laifinsa ba, mutumin da janareto ya cinye masa rabin rayuwa ka ce masa wuta, ai ka gama da shi.

Da aka ji kwamiti zai zagayo duba wuraren sana'a, sai kunya ta kama shi. Ya ce kada a zo a ga shagonsa kamar gonar ƙauye. Na ce ya bari ya ji ta bakin Dung, ya ce ni ban san ci gaba ba. Kwana biyu ya yi da adda yana sarar shingen da ya girme shi, ya tone saiwar, ya ƙone, ya kafa shingen ƙarfe da ya ƙera da hannunsa, har da fenti shuɗi. Wallahi ya yi kyau, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar zagayen, mai auna fili na kwamitin, wani Ambrose, ya bayyana ƙa'idarsu: wanda ba shi da takarda, za a karɓi tsohon shinge tare da shaidar dattijo. Ya dubi ƙarfen, fentin ko gama bushewa bai yi ba, ya ce wannan ai jiya aka kafa, kowa ma zai iya kewaye fili ya ce nasa ne. Taofeek ya bi shi yana oga, oga, har bakin mota. Ambrose ya rubuta cewa ba a tantance mai wurin ba, ya ce za su dawo bayan mako uku. Filin da ba a tantance ba, hukumar gundumar ce za ta karɓe.

Da yamma Dung ya zo yana dogara sanda. Ya daɗe yana duban inda aka ƙone saiwar.

“Baba Pelumi, babana da babanka ne suka shuka wannan. Ni zan yi magana, amma bakina kaɗai ba zai isa ba.”

Taofeek ya durƙusa yana tona tokar saiwar da hannu. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma tausayinsa ya kama ni fiye da haushin.

Washegari Dung ya yanko rassa daga nasa shingen, suka bi gindin ƙarfen suna dasawa, tsofaffi biyu a durƙushe. Ƙyarana kuwa sai ta shekara biyar ba ta kai ƙugu ba, su duka sun sani.

Yau saura kwana tara. Taofeek ya daina kunna injin walda, safe da yamma yana bin rassan da bokiti. Dung ya gaya masa ruwa da yawa ruɓar da ita yake yi. Ya ce ya ji, amma da safen nan ma na gan shi yana zubawa.