Gajeren Wando a Gaban Suruki

Da hannuna na rushe madafin gidanmu a Gusau, don na gaji da ganin bangon da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Na ce wa matata ta ba ni ɗan lokaci, za ta ga kicin na bulo da rufin kwano. Rushewa ai ba ta da wuya.

A shekarar ne kuma na kamu da hawan keke. Wani abokin aikina ya samo mana kekuna na gwanjo masu kaurin taya. Duk Asabar sai mu nufi duwatsun Tsafe ko na Kwatarkwashi, mu tura su sama da kyar, mu gangaro iska na dukan fuska. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Bulo kuwa yana jibge a tsakar gida har ciyawa ta tsiro a gindinsa. Damina ta sauka, matata na girki a jikin katanga, ta jingina tsohon kwano yana kare mata murhu.

Ran nan na dawo da la'asar, gajeren wando a jikina, laka har kunne, gwiwa a ƙuje. Na turo keke cikin gida ina fito. Sai ga mahaifin matata, ya zo daga Bungudu. Dattijon da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a igiyar shanya, ya naɗe ƙafar wando, yana jera bulo, 'yarsa na miƙo masa kwaɓin siminti a kwano.

Ba damar gudu. Na durƙusa in gaishe shi, durƙuson ya ƙara janye wandon sama. Kunya ta rufe ni, na rasa wanda zan ɓoye, gwiwa ko fuska. Na so ya yi faɗa, ko da zagi ne, in samu abin ba da haƙuri a kai.

Ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, idonsa na kan ginin. Sannan ya ce da 'yarsa a hankali:

"Aje kwanon ga, ɗiyata. Ɗauko ma maigidanki rigata shi ruhe jikinai, kar maƙwabta su shigo su gan shi haka."

Ta ɗauko. Na sa hannu biyu na karɓa, na zura, tana jan ƙasa. A cikinta na tsaya ina miƙa masa bulo har magariba, shi kuwa daga shi sai 'yar shara.