Sulle da Ƙwaryar Ranar Alhamis

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da hantsi, ina bakin murhu ina fama da icen da ruwa ya jiƙa, sai yayanka ya shigo da fartanya a kafaɗa, waya a hannu. Ya jingine fartanyar ya ce, "Kande, Sulle ya tafi gida." Kwana huɗu kacal ka yi a kwance a asibitin Ƙaraye. Baba Fasto ya ce duk mai abin faɗa a kanka ya rubuta, a karanta a gaban ikilisiya. Ina da abin faɗa, kuma wadda abin zai fi yi wa nauyi ni ce.

Kai ƙanin mijina ne. Tun ranar da aka kawo ni gidanku kake kirana matarka, ni kuma ina ce maka miji marar cefane. Haka muka yi shekara ashirin da wani abu muna tsokanar juna, kafin na'ura ta shiga tsakaninmu.

Shekara bakwai ke nan da ka lura cewa idan damina ta zauna, rafin da ke bayan ƙauyenmu yakan cika, tsofaffinmu na tsallake su yi wata biyu ba su ji wa'azi ba. Ka samo wata tsohuwar na'urar magana da ta mutu, ka riƙa kai ta rumfar Malam Zubair mai gyaran waya a kasuwar Rogo, har ya koya maka yadda ake liƙa waya da dalma. Daga nan ka tara masu taimako, babu wanda ake biya. Iliya tela ya ɗauki kula da sola da batir. Barira, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ka zaunar da ita kusa da kai tana koyon murɗa sauti. Dattawa ba su so haka ba. Sun ce teburin na'ura yana gaba kusa da bagadi, ba wurin zaman mace ba ne. Ka ce musu kunnenta ya fi na dukanku, kafin lasifika ta yi kuka ta riga ta ji. Suka bari, amma da sharaɗin kuskure ɗaya ta tashi.

Kowace Lahadi kuna ɗaukar wa'azi da waƙoƙi, ku zuba a memori. Litinin ka hau keke, inda ruwa ya yi yawa ka saɓa keken a kai, ka bi gida gida kana saka wa tsofaffi a ƙananan rediyonsu. Babbar lasifikar da ke kan bishiyar maina a waje ka juya bakinta ya kalli gonaki, kuma da an fara kiran salla a masallacin maƙwabtanmu sai ka rage sauti. Wasu suka ce tsoro ne. Ka ce maƙwabtaka ce.

Ni dai tun farko hankalina bai kwanta ba. Abin da zai haɗiye muryar mutum ya ajiye ta a cikin ɗan abu kamar farce, wa ya san inda zai amayar da ita?

Ranar Alhamis muke taron zumuntar mata. Mukan fara da waƙa, ku ɗauka saboda tsofaffi, sannan a shiga roƙon addu'a, inda mace take faɗin abin da ba ta iya faɗa a ɗakinta. Shekara uku da suka wuce, a wata Alhamis, na miƙe da makirufo a hannuna na gaya wa mata cewa na ji wani ƙullutu a nonona na hagu, kuma ko mijina ban gaya wa ba. Na yi kuka. Suka yi mini addu'a.

Kwana biyu bayan haka, a wurin injin niƙa, wata tsohuwa da ba ta zo taron ba ta riƙe hannuna ta ce yaya nonon. Kafin Lahadi yayanka ya ji a bakin hanya. Ya dawo gida ransa a ɓace, ba don ciwon ba, don shi ne na ƙarshe da ya sani.

Ban tsaya neman kowa ba. Wa ke da na'ura? Wa ke yawo da memori gida gida? Na tare ka a ƙofar majami'a kana naɗe waya a gwiwar hannu, ka yi murmushi ka ce, "Matata, yau babu gaisuwa?"

Na ce, "Ni ba matarka ba ce. Gida nawa ka kai kukana?"

Murmushin ya tafi. Ka ce, "Yaya Kande, ban ɗauki muryarki ba. Amma na'urar a hannuna take, don haka laifin nawa ne."

Na ɗauki rabin maganarka na ƙarshe na yar da na farkon. Tun daga ranar idona yake kanka. Idan ka sa hannu a aljihu, na ce ga shi zai danna wani abu. Idan ka sunkuya ƙarƙashin tebur, na ce wata waya yake ɓoyewa. Na hana matan zumunta taɓa makirufo har wata biyar, muka koma rera waƙa da baki da kiɗan tulu kawai, tsofaffin tsallake suka daina jin muryarmu. Har Rogo na je ranar kasuwa, na tsaya a rumfar Malam Zubair kamar mai neman caja, na tambaye shi ko yana sauraren abin da kake kawowa. Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, Sulle ko gwada rediyo za mu yi, nasa memorin ba ya barin a saka. Da nawa muke gwadawa." Na dawo ina cewa a raina ai aboki ba zai tona abokinsa ba.

Alhamis ɗin da muka yarda aka dawo da makirufo, sai ga ka da sabuwar ƙwarya. Da aka gama waƙa, ka zare memori, ka zare batir, ka cire bakin kowace waya daga jikin na'ura, har da doguwar nan da ke fita ta taga zuwa bishiya. Ka zuba memori da batir da makirufo a ƙwaryar, ka ajiye a gaban shugabar zumunta, ka juya za ka fita. Na ce saura wayar aljihunka. Ka ciro ta ka saka a ciki, ka ce ko hular ma a ajiye? Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce a raina wanda bai yi laifi ba me zai sa shi wannan wahala duka? Fiye da shekara biyu kana haka, ko Alhamis ɗaya ba ka tsallake ba, kana zaune a gindin maina, rana ko yayyafi, har mu gama.

Da aka yi mini aiki a Kano na dawo, ka kawo mini memori ɗaya na waƙoƙin da aka yi ba na nan. Na karɓa da hannun hagu, na jefa a cikin kwalla na rufe. Na ɗauka toshiyar baki ce.

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna zaman makoki a gidanka, Barira ta ja ni bayan rumbu. Ta durƙusa har ƙasa, ta ce ita ce. A waccan Alhamis ɗin an kira ka gona saniya ta shiga gyaɗa, ka bar ta a kan tebur ita kaɗai, karo na farko. Da aka gama waƙa ta tsayar da ɗauka kamar yadda ka koya mata, ta kashe lasifikar ciki, ta manta da ta kan bishiya. Mu da ke ciki ba mu ji komai ba, amma maganata tana fita waje a hankali, tana sauka a kan hanyar da mata ke bi zuwa niƙa. Da ka dawo ka ga 'yar jar fitilar lasifikar waje tana ci, ka kashe, ka ce mata, "Idan dattawa suka ji, kin tashi daga teburin nan, kuma babu macen da za ta sake zama. Ki yi shiru. Yaya Kande tawa ce, za ta huce."

Ban huce ba, Sulle. Kullum ina cewa sai ka zo ka faɗi gaskiya tukuna, ashe tun ranar farko ka faɗe ta.

Jiya da rana na buɗe kwallar na saka memorin a rediyo. Waƙoƙi ne kawai, guda tara. A tsakanin ta huɗu da ta biyar an ji tarinka, an ji kana ce wa Barira ta ɗaga sauti kaɗan, Yaya Kande tana son a ji tulu. Na mayar da wurin baya ban san sau nawa ba.

Barira ce ta ce in rubuta sunanta, ta gaji da ɗaukar abin. To, iyayena dattawa, yanzu kun ji. Ni aka tona wa asiri, kuma ni ce nake roƙonku: kada ku tashe ta. Ta yi kuskure ɗaya, an biya shi da shekara uku na mutuncin mutumin kirki. Idan kuka tashe ta yau, zaman da ya yi a gindin maina ya tafi a banza.

Na ji kuma ana shirin a fara nuna sujadarmu kai tsaye a waya, duniya ta gani. Ba zan hana ba, Sulle ma ya so hakan. Amma ban ɓoye muku ba, har gobe ban yarda da na'urar nan ba. Mutumin da ke bayanta ne na gane, a makare. Saboda haka ƙwaryar tana wurina, na karɓo ta daga hannun matarsa. Kowace Alhamis zan kawo ta, kuma da idona zan ga an cire doguwar wayar nan.

Talatu, ƙanwata, na ɓata wa mijinki suna a gabanki kina gaishe ni kullum. Ki yafe mini. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya yaran nan, ya zama uba a gare su. Ina yi wa mijina ta'aziyyar ƙaninsa, da Iliya da Barira, da Malam Zubair da ya rufe rumfarsa ranar kasuwa ya zo ya zauna tare da mu, da tsofaffin tsallake da Litinin ta yi ba su ga kekenka ba.

Kai kuwa, miji marar cefane, Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka abin da ka yi kuskure, ya karɓe ka cikin hutunsa saboda Yesu Almasihu. Gaisuwar da na hana ka a ƙofar majami'a, ga ta yau a gaban kowa. Sannu da aiki, Sulle. Ka huta lafiya. Amin.