Ƙarfen da Na Ɓoye a Bayan Tsintsiya

Har yau ranar da tsohon nan ya ƙi ɗaga hannu ba ta fita raina ba. Ku matso, 'ya'yana, ku da kuka gaji tsintsiyata.

Ni mai shara ce a wata kotun gargajiya a Kafanchan. Ban yi boko ba, amma na san kabad ɗin rantsuwa. Abu uku ne a ciki tun zamanin Turawa. Kirista ya riƙe Littafi Mai Tsarki. Musulmi ya yi alwala, ni ke kawo buta, masinja Malam Sule ya ɗauko Alƙur'ani. Mai bin hanyar kakanni kuwa, a ba shi guntun ƙarfe ya taɓa da harshe.

Da aka kawo sabon rajistara, wato mai kula da takardun kotu, ya ce, "Mama, wa ke rantsuwa da wannan ƙarfen yanzu? Ki zubar."

Na ce to. Amma hannuna ya ƙi. Na shafa masa manja, na naɗe a tsumma, na tura bayan tsintsiya. Ban gaya wa kowa ba, kada 'yan zumuntar matan cocinmu su ce Laraba ta koma tsafi.

Damina biyu ta wuce. Sai ga wata gwauruwa daga wajen Manchok, ana so a ƙwace mata gonar citta. Shaidarta ɗaya tak, Baba Kazah, wanda ya ga ranar da aka dasa iyaka. Mai son gonar kuwa ɗan ƙanen Baba Kazah ne.

Alƙali ya ce, "Baba, ba mu da ƙarfe. Ɗaga hannu ka yi alkawarin gaskiya, doka ta yarda."

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗa da bakina kawai, a gida za su ce na sayar da jinina. In ƙarfe ya sa ni, ba mai zargina." Ya ɗauki sandarsa zai tafi. Matar ta dafe kai.

Daga bakin ƙofa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfen yana nan."

Rajistara ya harare ni. "Ba na ce ki zubar ba?"

"Ka ce, ɗana. Na zubar da shi bayan tsintsiya."

Har alƙali sai da ya yi dariya. Tsoho ya taɓa ƙarfe da harshe, ya dubi ɗan ƙanensa, ya ce iyaka tana gindin ɗorawa. Matar ta koma gonarta. Da kaka ta kawo mini citta a ƙullin zane.

Washegari rajistara da kansa ya mayar da ƙarfen kabad, gefen littattafan biyu.

Abin da na koya ke nan: kotu ba ta sa mutum ya faɗi gaskiya, sai dai ta miƙa masa abin da zai dafa ya faɗe ta. In kun zo share kabad ɗin nan, ku share duka ukun.