Watannin da na kasa durƙusa wa uwar mijina

Salamu alaikum jama'ata. Masu turo saƙo suna tambaya ko lafiya na ɓace, ina nan da raina. Abin da ya same ni ne ya ɗauke min baki. Yau dai zan faɗa.

Ni 'yar Tudun Wada ce, nan Minna. Mijina kuwa mutumin Bida ne, kuma gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Nna. Wanda ya san gidan Nufawa ya san gaisuwa ba wasa ba ce. Har ƙasa za ki durƙusa, a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi yara, ba kya tashi sai babba ya gama. Da wannan durƙuson na samu shiga wurin Nna. Takan ce wa ƙawayenta, "Bahaushiya ce, amma gwiwarta tamu ce."

Cikina na biyu yana wata biyar na fara jin suka a ƙashin gaba, can ƙasan mara. Na ce nauyin ciki ne, zai wuce.

Bai wuce ba. Juyi a kan gado ya zama aiki. In zan sa siket, ɗaga ƙafa ɗaya sai na cije leɓe. Wani lokaci har ƙas nake ji a ƙuguna. Duk da haka kullum safe ina ƙofar Nna a durƙushe.

Ranar da 'yan uwanta suka zo daga Bida, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaisarwa. A gaban ta ƙarshe na yunƙura zan tashi, ƙafafuna suka ƙi. Na sake yunƙurawa, wata azaba ta ratsa ni har na yi ƙara a gaban baƙi. Mijina ne ya ɗauke ni cak ya sa a Keke Napep.

Wallahi a hanyar asibiti abu biyu kawai nake tunani: ɗan cikina ya mutu, ko kuma na gurgunce ke nan.

Aka yi gwajin fitsari, aka yi hoton ciki. Da na ji bugun zuciyar yaron sai kuka ya ƙwace min. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, ya tura ni wurin likitar gashin ƙashi. Ita ta yi min bayani cewa ciki yana sassauta jijiyoyin da ke riƙe ƙashin ƙugu, wasu matan nasu yakan yi yawa. Ta sa muka sayi bel na ɗaure ƙugu, da tsadarsa, ta koya min motsa jiki. Sannan ta ce, "Daga yau babu tsuguno, babu durƙuso."

Na ce, "A gidanmu?"

Ta ce, "Maman Salma, in kika ci gaba, da sanda za ki ƙarasa cikin nan."

Na roƙi mijina ya yi wa Nna bayani. Ya sosa ƙeya ya ce, "Bari mu ga yadda za a yi." Kun dai san ma'anar wannan a bakin namiji.

Washegari na tsaya a ƙofar Nna, na dafa bango, na gaishe ta a tsaye. Ji nake kamar na zage ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lafiya lau. Je ki." Shi ke nan. Matar da gaisuwarta ke kai shayi ya huce.

Haka muka yi kwanaki. Ga ciwo, ga fargabar haihuwa, ga wannan. Abinci ma ba ya shiga. Na gama yanke wa kaina hukunci cewa ta ɗauke ni mai girman kai, abin da na gina shekara da shekaru ya rushe.

Wata safiya na fito na tarar da kujera a ƙofarta, sabuwa, mai tsayi, har ƙamshin katako take yi. Nna ta ce, "Zauna. Kafintan ne ya ɓata min lokaci."

Na zauna. Ta ce, "Ina korarki ne don kar ki daɗe a tsaye. Kin ɗauka tsufa ne ya sa nake ɗingishi? Da cikin mijinki na same shi. Ni ban samu wanda ya ce min zauna ba."

Ranar sai da ta tambaye ni har lafiyar kajin gidanmu na Tudun Wada.

Na haihu da kaina, namiji. Ciwon bai tafi rana ɗaya ba, na ci gaba da zuwa gashi bayan arba'in, amma yanzu ina tafiya da ƙafafuna har kasuwa. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitocin nan da alheri, ya saka wa mijina, duk da sosa ƙeyarsa.

'Yar uwa mai ciki, in ƙugu ko ƙashin gaba ya fara miki suka, ki faɗa a wurin awo, kar ki ce nauyi ne. Ki haɗe gwiwoyinki in za ki juya ko za ki sauko daga gado. Ki sa filo tsakanin cinyoyinki in za ki kwanta. Ki zauna kafin ki sa kaya, ki bar ɗaukar bokitin ruwa. Kar ki sha magani sai wanda likita ya ba ki. In kuma kin ga jini, ko ruwa, ko zazzaɓi, asibiti kai tsaye. Iyayenmu mata kuma, don Allah ku riga surukanku magana, kunya ba za ta bar su su faɗa ba.

Makon jiya na gwada durƙusa wa Nna, karon farko tun ranar baƙin nan. Gwiwata ba ta kai ƙasa ba ta riƙo hannuna.

Ta ce, "Wa ya ce miki an ɗauke kujerar?"