Hannun da Rabaran Ya Ƙi Ɗagawa

Ban san sunansa ba, mawaƙin haya ne da majami'armu ta ɗauko daga Landan. Ƙato ne mai karyayyen hanci, farar rigar mawaƙa ta matse shi. A wurinmu, wanda ya yi kuskure lokacin bita shi ke ɗaga hannu. Yau Rabaran Ollerton ya ja baiti a karkace, duk muka rikice a waƙar.

"Baƙon nan ne ya yi kuskure," in ji Rabaran.

Mutumin ya damƙi hannunsa, ya fizge shi sama har kafaɗar ta ce ƙas!

"Haka ake ɗagawa, ranka ya daɗe."

Rabaran na ihu, ni kuwa ina tunanin shekara nawa ƙaton nan ya yi yana ɗaga hannu kan kuskuren manya.