Dokta Shamsuddeen Tukur Kudan, Likitan da Ya Mayar Mini da Shan Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 16 ga Janairu, 2025, bayan sallar Azahar, matata Sabuwa ta shigo da waya a hannu ta ce, "Malam, Allah Ya yi wa Likita rasuwa." A gidanmu na Janfalan ba a tambayar wane likita. Kai ne, Dokta Shamsuddeen Tukur, mutumin Kudan. Ciwon zuciya ne, aka ce, jinyar kwana biyu kacal.

Shekara shida ke nan da ciwon daji ya sa aka cire mini maƙogwaro, muryata ta tafi, aka bar mini ƙofar numfashi a gindin wuya. Sannan aka yi mini gashi da na'ura har sau talatin. Dajin ya mutu, amma wata 'yar kafa ta ɓulle tsakanin hanyar abinci da hanyar iska. Da na kurɓi ruwa sai ya zarce huhu, in yi ta tari har in galabaita. Wata goma sha ɗaya Sabuwa tana ɗura mini kunu ta robar hanci. Sau biyu ana ɗinke wurin a wani asibiti, sau biyu yana warwarewa.

Da aka kai ni wurinka a Zariya, ni da na shekara talatin ina koyarwa a firamare, sai a littafi nake magana. Rubutuna ba ya sauri, amma ba ka taɓa ƙarasa mini zance ba. Ka jira na aje biro, sannan ka ce, "Malam Ukasha, naman da aka gasa ba ya riƙe zare. Zan yanko lafiyayyar tsoka daga ƙirjinka in shimfiɗa a tsakani. Na yi wa mutum tara, bakwai sun warke. Ba zan ɓoye maka sauran biyun ba."

Na rubuta maka: Bismillah.

Mako uku bayan aikin, hoto ya nuna wurin ya haɗe. Da hannunka ka miƙo mini kofin ruwa ka ce in sha a hankali. Na haɗiye, muna jiran tari. Bai zo ba. Sabuwa ta zauna a ƙasa tana kuka.

Da Yahuza, wani manomin rake daga Dandamisa mai irin ciwona, ya ƙi yarda a sake taɓa wuyansa, ba ka matsa masa ba. Ka aiko in zo, ka sa aka kawo tuwo da miyar kuka, na ci a gabansa har na suɗe kwanon. Washegari ya sa hannu a takardar aikin. Tare da shi muka je gaisuwarka a Kudan, kowa da ƙyallen rufe ƙofar numfashi a wuyansa.

Aikin nan ba zai tsaya ba, wannan ba na shakka. Dokta Rahama da ka koyar ta riga ta yi wa mutum huɗu, kuma yadda kake faɗa wa marar lafiya gaskiya haka take faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Mero, da maiɗakinka Hajiya Wasila, da 'ya'yanka Muhsin da Rumaisa, da ɗaukacin jama'ar Kudan. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari. Amin.

Ukasha Ahmadu Janfalan, Ikara